Kitsen da Ya Kwana a Tanda

Ido ne ya fara gaya wa Rut, tun kafin hanci ya tabbatar mata.

Tandar tana jingine a gindin rumbu, inda mijinta Yowel ya ajiye ta jiya da ya dawo daga bikin godiyar kaka na majami'arsu. Rut ba ta je bikin ba. Yini ta yi a gidan maƙwabciyarsu Inna A'i, suna surfe da wanki da kai niƙa, har suka haɗa ƙullun masa na tiya biyar. Yau bayan la'asar ake walimar saukar Alƙur'ani ta Kubra, autar Inna A'i, kuma Rut aka ɗora wa suyar. Jiyan ne matan majami'a suka aiko aron tandar, ita kuwa ta ji nauyin hana su.

Tanda ce ta baƙin ƙarfe mai rami goma sha biyu. Wani maƙeri a Attantané ya buga wa mahaifiyarta Liza ita daga jikin wata tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, tun Rut ba ta yi wayo ba. Shekara ashirin da biyu na man gyaɗa da wuta sun kwanta a kanta, baƙi wuluk, mai sheƙi kamar idon saniya. Masa ba ta kama ta. Da an taɓa ta da cokali sai ta juya da kanta. Da Liza ta rasu, wannan tandar ce Rut ta rungumo a cinya cikin amalanken da ya kawo ta gidan aure a Maijirgi.

Yanzu ga wani farin abu ya daskare a gindin kowane rami, cikin sanyin safiya. Man gyaɗa ba ya haka. Ta lakato da yatsa, ta murza, ta kai hanci. Kitse ne, amma ba na saniya ba. Ba na rago ba ne.

"Yowel!"

Ya fito daga garken jaki yana karkaɗe hannu, da murmushin nan nasa da ya sa ta baro garinsu. Da ya ga abin da take riƙe da shi, murmushin ya tsaya a rabi.

"Mi anka soya cikin tandata jiya?"

"Masa mana, sheri, masoyiyata. Ba don ita anka are ta ba?"

"Da wane mai?"

Ya dubi rumbu, ya dubi jaki, ya dubi ƙafarsa.

"Man bido, jarkar da anka kawo, ya ƙare tun ba a yi rabi ba," ya ce a hankali. "Baƙin nan ma'aikatan hanya, su sunka zo da nama daga Maradi. Matansu sunka narka kitsen sunka ci gaba da suya. Allah ya sani, sai da anka gama na ji."

"Naman mi?"

"Kin sani, Rut."

"Hwaɗi da bakinka."

"Alade."

Ta zauna a kan turmi. Daga cikin ɗaki ƙamshin ƙullu yana fitowa, robobi uku manya, an rufe su da faifai, suna tashi tun daren jiya. Ƙullu ba ya jiran kowa. In ya wuce lokacinsa tsami zai yi, kanwa ma ba ta ceto shi.

Ba ƙullun kaɗai ne ke damunta ba. Lokacin da ta fara kafa murhu a bakin hanya, shekara biyu da suka wuce, kwana tara ta yi ba wanda ya sayi masarta sai 'yan majami'arsu, su kuwa gida bakwai ne kacal a garin. Mutane su wuce, su gaishe ta da kyau, su kau da kai. Ta ji abin da ake raɗawa: wa ya san da man da Kirista ke suya? Rana ta goma Inna A'i ta zo, ta ja kujera ta zauna a bainar jama'a, ta ɗauki masa mai zafi ta yi bisimilla ta ci, ta ƙara, ta ƙara. Sannan ta ɗaga murya yadda har masu shayi za su ji: "Yarinyar ga katanga ɗaya gare mu. Tukunyarta na sani, manta na sani. Wanda ya ci wani abu a nan, ni A'i ya tambaya ranar gobe." Tun daga ranar ba a sake barin Rut ta koma gida da ƙullu ba.

Yowel ya durƙusa a gabanta.

"Saurara. A ɗora ta bisa wuta, kitsen ya narke, ki goge da tsumma. Zubin fari da na biyu mu ba kaji. Wa zai sani? Mu a wurinmu ai ba haramun ba ne."

"A wurinmu. Mu za mu ci?"

"To ki ari ta matar Ɗan Baba."

"Ta ƙasa, mai rami shida, mai tsaga? Kuma in ta ce ina taki, in ce mi? Matar da bakinta ya hi rediyo? Kahin azahar an ji har Baoudetta."

"To mi za ki yi?"

Ta san amsar, shi ma ya sani, shi ya sa ba wanda ya faɗa. Baƙin da ke jikin tanda ba datti ba ne, mai ne da wuta suka gina shi sannu a hankali, kuma yana shan duk abin da aka ba shi. In ana son a raba shi da kitsen, sai dai a raba tandar da shi baki ɗaya, a ƙone, a kankare har farin ƙarfe. Farin ƙarfe kuwa kama masa yake kamar ƙaya ta kama zane.

"Hannun Mama ne, Rut," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ki da wani abu nata sai shi. Ba ni son in zama sanadi."

Wannan maganar ce ta kusa karya ta. Ta tashi ta hura wuta, ta ɗora tandar. Farin kitsen ya narke ya zama ruwa. Ta goge da tsumma, ta sake gogewa, ta jefa tsumman a wuta. Tandar ta dawo tana sheƙi, baƙa, kyakkyawa, kamar ba abin da ya taɓa samunta. Rut ta shafa man gyaɗa. Ta shiga ɗaki ta ɗebo ƙullu a ƙwarya, ta cika ludayi, ta ɗaga shi a kan ramin farko.

Ta bayan katanga ana ta daka, mata suna shewa. Can ƙarƙashin hayaniyar sai ga siririyar muryar Kubra, tana maimaita abin da za ta karanta a gaban mutane, tana tsayawa, tana komawa baya, kamar mai taka gada ta itace ɗaya. Shekara bakwai yarinyar nan tana wanke allo don wannan ranar.

Ludayin yana nan a ɗage a hannun Rut. Ɗigo ɗaya ya taru a bakinsa, ya yi nauyi.

Ta mayar da shi cikin ƙwarya.

"Kawo mani karan dawa," ta ce. "Dami guda."

"Rut..."

"Kawo, tun ban canza ba."

Wutar kara ba ta da haƙuri. Ta tashi fuu, ta lulluɓe tandar da suka kifa a kan duwatsun murhu. Da farko ba abin da ya faru. Sannan baƙin ya fara hayaƙi, hayaƙi mai kauri da ɗaci, ya fara tsagewa yana naɗewa kamar ɓawon itace. Rut ta tsaya tana kallo. Tana ganin yatsun Liza suna zagaya ramukan nan da ɗan tsumma, kowace yamma, tandar da sauran ɗumi. Kada ki jiƙa ta. Kada ki bar ta ta kwana da ruwa. Ki shafa mai kamar kina shafa wa jariri, ki rataye ta fuskarta na duban bango. Duk safiyar Lahadi, duk ranar kasuwa, duk shekarar da aka yi yunwa Liza ta ciyar da su da ramukan nan goma sha biyu, ga su nan suna tashi sama suna bajewa a kan rumbu. Hawaye suka zubo mata. Ta bar wa hayaƙi laifin.

Da ƙarfen ya yi toka-toka, Yowel ya janye shi da sanda, ya ruga ya ɗauko bokiti.

"Kul!" Ta tare shi da jikinta har ruwan ya fantsamo mata a zane. "Ka zuba mata ruwan sanyi yanzu ta lanƙwashe, ba mai miƙe ta har abada!"

"To ai lokaci..."

"Sai ta huce da kanta."

Jira ya fi wutar zafi. Inuwar rumbu tana ja da baya tana shigewa ƙarƙashinsa. Rut ta leƙa ɗaki sau uku; ƙullun ya ɗaga faifai, yana kumfa, yana numfashi. Da tandar ta taɓu, suka zauna a kanta su biyu da yashi da toka da tsingaro. Yowel ya kama ramuka shida, ta kama shida. Ƙarar yashi a kan ƙarfe ta cika gidan. Fatar yatsansa ta salube, ya tsotse jinin ya ci gaba. Ta gani, ba ta ce sannu ba. Ba ta shirya ba tukuna.

Ana kiran azahar suka gama. Abin da ke gabansu ba tandar Liza ba ce. Wani farin ƙarfe ne tsirara, duk sawun gudumar maƙeri a fili. Ta wanke da ruwa, kafin ta juya ta ɗauko tsumma har tsatsa ta fara yi masa ja-ja a gefe. Ta yi maza ta ɗora a wuta ya bushe, ta shafa mai siriri, ta goge kamar ta yi kuskuren shafawa, ta bar shi ya yi hayaƙi har hayaƙin ya ɗauke. Ta sake. Ta sake. Ƙarfen ya ɗan yi launin ruwan shayi.

Ta zuba ƙullu a rami huɗu don gwaji. Gefen ya yi ja, ƙamshi ya tashi. Ta sa cokali.

Masar ta ƙi. Ta danna, ta yage biyu, gindin ya manne, cikin ya zubo ɗanye. Ta biyu haka. Ta uku haka.

"Salamu alaikum, masu gida! Amarya, wanga hayaƙi naku tun sahe, ko jakin Yowel kuke gasa mana?"

Inna A'i ce, da sabon lulluɓi, hannu da ƙafa sun sha lalle, tana riƙe da babban kwano.

"Baƙin Tessaoua sun iso da yunwarsu, sun hana ni sakat. Na ce bari in samo masu ko ashirin su toshe baki kahin..."

Maganar ta tsaya. Idonta ya sauka a kan murhu. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali.

"Innalillahi. Wa ya yi ma tandar Liza wagga aika-aika?"

Rut ta buɗe baki za ta amsa. Yowel ya riga ta.

"Ni ne, Inna. Na bar ta cikin ruwa jiya, ta kwana. Tsatsa ta cinye ta. Dole munka kankare."

"Kai!" Inna A'i ta tafa hannu. "Kai dai an yi dogon banza! Namiji da tanda, ai kura da ajiyar nama ta hi ka amana. Shekara ashirin ka jiƙa kamar tsumman jariri? Ke kuma kinka bar shi da rai?" Ta juya ga Rut, fuskarta ta yi laushi. "Share hawayenki, ɗiyata. Ƙarhe ne, ya sake yin baƙi. Mu ga ko ƙullun ya yi daidai, sauran mu san dabara."

Ta sunkuya ta miƙa hannu ga yagaggiyar masar da ke kan faifai.

Ƙofa ce Yowel ya buɗe wa Rut, a buɗe take, ba abin da ya rage sai ta yi shiru. An ƙone, an kankare, an wanke. Wataƙila ma ba sauran komai a jikin ƙarfen. Amma wanda zai ce ba sauran komai ba Rut ba ce. Wannan hannun mai lalle shi ne ya ɗauki masarta a bakin hanya, ranar da kowa ya kau da kai.

Rut ta riƙe wuyan hannun.

"Inna, kada ki ci tukuna."

Inna A'i ta dubi hannun da ya riƙe ta, ta dubi fuskar Rut.

"Ba tsatsa ba ce. Jiya wurin bikinmu mai ya ƙare, wasu baƙi sunka yi suya cikinta da kitsen alade. Da sahe na gani. Shi ya sa na ƙone ta."

Dakan da ake yi a bayan katanga ya ci gaba, dum, dum, kamar a wata duniya. Inna A'i ta zare hannunta. Ta goge shi a gefen zanenta, sau ɗaya, ba tare da ta san ta yi ba. Rut ta ji goguwar nan har cikin ƙashinta.

"Ƙulluna ya taɓa ta kahin wuta?"

"A'a."

"Ludayi? Ƙwarya?"

"A'a. Amma ya kusa." Rut ta dubi ludayin. "Na goge ta, na shafa mai, na cika ludayi na ɗaga. Na yi niyya, Inna. Sannan na kasa."

Inna A'i ta daɗe tana kallonta. Ba fushi a fuskar, ba tausayi, ba abin da mutum zai kama. Ta juya ga Yowel.

"Kai kuma ka dubi hurhurata ka yi mani ƙarya."

Ya sunkuyar da kai. Ta gyara lulluɓinta ta fita. Ko kwanon ba ta ɗauka ba.

Gidan ya yi tsit. Rut ta jira ta ji dakan ya tsaya, ta ji salati ya tashi, ta ji an fara kiran sunanta ta bayan katanga. Gobe ba sai ta kafa murhu a bakin hanya ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba shi ne katangar nan, da muryar da ke leƙowa ta kanta kowace safiya tana cewa amarya an tashi lahiya.

Da yake hannu ba ya iya zama, ta kankare masar da ta manne, ta sake shafa mai, ta sake gogewa. Yowel ya zo ya tsuguna kusa da ita yana tura kara a wuta.

"Pardon, yi haƙuri," ya ce. "Tun jiya ya kamata in hwaɗa maki. Na ga kin gaji, kina murna da ƙullunki, sai na ji tsoro."

"Tsoron mi?"

"Wagga huskar da kike yi yanzu."

Ta dube shi. Toka har a girarsa, yatsa yana jini, dogon mutum ya naɗe kamar tabarma. Ta yage bakin tsumma mai tsabta, ta kama yatsan ta ɗaure, ta ja kullin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Ba ta saki hannun da wuri ba.

Inuwar rumbu ta fito ta ɗaya gefen, ta fara tsawo. Ƙullu ya malalo ta gefen roba guda. Rut ta ɗanɗana: tsamin ya fara leƙowa. Ta jiƙa 'yar kanwa ta ajiye, ba ta san ko don wa ba.

Ba sallama wannan karon. Inna A'i ta shigo ta tuɓe sabon lulluɓin ta rataye a igiya, ta ɗaure zane a ƙirji. Da tulun ruwa ta zo, da ƙullin gishiri da albasa biyar.

"Na tambayi Malam," ta ce, tana nufin mijinta. "Ban ce tandar wa ba, amma ba yaro ba ne, ya ga hayaƙi. Ya ce ƙarhe ba ƙasa ba ne. In wuta ta ci, anka wanke, ba launi ba wari ba ɗanɗano, to ya tsarkaka." Ta jawo tulun kusa. "Shi ke nan nashi. Saura nawa. Ni na tsaya maki gaban mutane, kuma idona bai ga wankin ba. Sauke ta."

Rut ta dubi tandar. Shafi huɗu ta yi mata, ɗan launin da ya fara kamawa shi ne kaɗai abin da ke tsakaninta da kunyar la'asar. In aka sake sa yashi, an koma farko.

"Inna, rana ta..." Yowel ya fara.

"Da kai nike?"

Rut ta sa tsumma ta sauke tandar. Suka jira ta huce, su uku, ba mai duban wani. Sannan Inna A'i ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta cika hannunta mai lalle da yashi da toka. Rami ɗaya bayan ɗaya take bi, ba gaggawa, har bayan tandar da kunnuwanta. Ɗan launin shayin ya bi ruwa ya tafi. Ta ɗauraye da ruwan tulunta, ta sake, ta sake, tana ƙirgawa a leɓe, har sau bakwai. Ta ɗaga ƙarfen ta kai hanci, ta sansana kowane rami.

"Hura wuta," in ji Inna A'i. "Kai dogo, ba ta kara ba, ta itace. Yanka albasar nan, in ka iya abin da bai kai tanda wuya ba."

Da ƙarfen ya bushe a wuta, ta zuba mai da gishiri da albasa a ramukan, ta kama rabin albasa da tsinke tana murzawa, tana zagayawa, har albasar ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, gishirin ya yi launin ƙasa. Ta kwashe ta zubar, ta goge, ta sake sabo.

"Haka kakata ke yi ma sabuwar tanda. Uwarki ba ta nuna maki ba don ba ta taɓa zaton za ki ga tsiraicin wagga ba." Ta share gumi da gefen hannu. "Sa kanwar. Kaɗan. Rage wutar, sabon ƙarhe ba ya son a tsananta mashi. Mai kuma ki sake hannu yau, ba ranar rowa ba ce."

Rut ta zuba ƙullu. Suka sunkuya su uku a kan murhu kamar masu jiran haihuwa. Gefen ya yi ja. Ta kai cokali.

"Bari," in ji Inna A'i. "Ba ke za ki ɗaga ta ba. Ita za ta sake ki."

Suka jira. Ƙamshin ya canza, ya yi kauri, ya kusa zama ƙauri. Rut ta sa cokali a ta farko: ta yage. Ta biyu ta bar rabin gindinta. Ta goge cokalin. Ta zura shi a ƙarƙashin ta uku, ta ɗan taɓa.

Masar ta motsa. Ta juya, ta kwanta a ɗaya gefen, ja, cikakkiya, ba tabo.

Suka bar ta ta nuna. Rut ta ciro ta ta ɗora a faifai, ta ja hannunta baya. Ba ta miƙa ba. Ba ta da ikon miƙawa.

Inna A'i ta dubi masar. Tururi yana tashi daga jikinta. Daga masallacin unguwa ladan ya gyara murya, lasifika ta yi ƙara. Tsohuwar ta sa hannu ta ɗauka, tana jujjuya ta tsakanin yatsu don zafi, ta yi bisimilla a fili, ta gatsa.

Ta tauna. Ta haɗiye. Ta sake gatsa.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce. "Tsami kuma ya so ya yi gardama. Zuba."

A nan ne kukan da Rut ta riƙe tun safe ya ƙwace mata, mai sauti, har kafaɗunta suna girgiza.

"A'a, ba cikin ƙulluna ba! Na ce gishiri ya yi yawa, za ki ƙara mashi? Zuba, yarinya, an kira la'asar, mutum ɗari na jira, mu kuwa guda gare mu, ita ma na cinye." Ta juya ga Yowel. "Kai, wanke ƙahwa ka sa rigar kirki. Duk kwanon da ya cika ka ruga da shi da zahinshi. Wanda ya ce masa ta makara, ka ce mashi wani dogon banza ne ya taɓa tanda. Ba ƙarya a ciki."

Rut ta share fuska da gefen ɗankwali ta cika ludayi. Rami tara suna saki. Uku na gefen hagu, inda wuta ba ta kai sosai, har yanzu kamawa suke, tana kankarewa tana tara yagaggun a wani faifai dabam.

"Waɗannan namu ne, ni da ke," in ji Inna A'i, tana jan kujera kusa da murhu, cinyarta tana gogar ta Rut. Ta karɓi tsumman mai. "Kuma daga yau wanda ya zo aron wagga tanda, ko pasto ne ko liman, ki turo mani shi."

Ta bayan katanga hayaniya ta lafa. Muryar Kubra ta tashi, ita kaɗai, ba ta tsayawa. Inna A'i ta karkata kai tana saurare, idonta ya cika, hannunta bai daina shafa mai a ramin da Rut ta kwashe ba.

"Inna, ki tahi. Karatun ɗiyarki ne."

"Ina ji daga nan. Juya waccan, za ta ƙone."